Haƙori 35 da Haƙori 9: Yadda Na Sauya wa Fijon Mahaifinmu Giya

Da yawa daga cikinmu mata yanzu muna tuƙi. Mu kai yara makaranta, mu wuce wurin aiki, mu biya kasuwa a kan hanyar dawowa. Amma da zarar mota ta yi wani ƙara da ba mu saba ji ba, sai mu miƙa wa bakanike makulli, ya faɗi abin da ya faɗa, mu biya. Idan ya ce "giyabos ne, Hajiya," sai gabanki ya faɗi, domin ko ba ki san abin da ke cikin akwatin nan ba, kin san kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kanikanci ba gadona ba ne. Abin da ya shigar da ni ramin gareji shi ne motar da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bari: Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, fara, ƙirar Kaduna.

Yaran yanzu ba su san darajar motar nan ba. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, a wannan shekarar kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Faransa ta daina yin ƙaramar 504 a 1983, mu kuwa a nan an ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce ta tasha, ita ce ta ɗaukar amarya. Tamu ta kai Umma asibiti haihuwar uku daga cikinmu.

Da aka zo rabon gado, yayyena maza suka ce a sayar. Ba laifinsu ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mota mai injin lita 2 da kafireta ta zama nauyi a kan mai albashi. Wanda ya zo taya ta ma ɗan gwangwan ne, ƙarfen yake so. Umma ba ta ce uffan ba, amma na ga yadda ta tashi ta shige ɗaki. Sai na ce a yi wa motar kuɗi a sa a cikin rabona. Maigidana ya amince, bisa sharaɗi ɗaya: kada ta zama rijiyar da za ta riƙa haɗiye kuɗin gida.

Matsalar da na fara gani ita ce doguwar tafiya. Daga Kaduna zuwa Kano, inda dangin Umma suke, kusan kilomita 230 ne. Giya huɗu motar ke da ita. Da na kai gudun kilomita 90 zuwa 100 a awa, sai injin ya cika motar da kuka, sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Hannuna ya riƙa kai wa liba cafka yana neman lamba biyar, babu ita. Umma ta sauka da ciwon kai, ta ce zamanin Malam ba haka take ji ba. Ni dai na san haka take tun asali, shekaru ne suka sa ba ta iya jure ƙarar kamar da.

Shawara ta zo kala-kala. Wani matashin bakanike ya ce a sa mata haƙoran aksul irin na a-kori-kura, wai sun fi ƙarfi. Wani ya ce a sayo injin Beljiyam kawai a huta. Sai na nufi wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana gyara wa mahaifinmu motar, wanda tun muna yara Baba muke ce masa. Na ce, "Baba, ni ba gyara kawai nake so ba. So nake in gane abin da za a yi, in kuma sa hannuna."

Ya dube ni, ya dubi hijabina, ya ce, "'Yata, kin iya ƙirge?"

Na ce ai ƙirge shi ne rabin aikina: bugun zuciya, numfashi, ɗigon ruwan da ake ƙara wa majinyaci.

Ya ce, "To kin iya rabin giya. Ki zo ran da ba ki da duti."

Ga abin da na koya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Giya ba ta ƙara wa injin ƙarfi ko kaɗan. Musaya take yi: ki ba da gudu ki karɓi ƙarfin ja, ko ki ba da ƙarfin ja ki karɓi gudu. Duk wadda ta taɓa taka keken ɗinki ta san wannan a ƙafarta. Babban wilin da ke ƙasa yana juyawa sau ɗaya, ƙaramin na sama ya juya sau da yawa, allura ta yi ta gudu. Amma ki zo kan kauri, kamar bakin wandon jins, sai keken ya cije, sai kin taimaka masa da hannu. Gudun da kika samu, da ƙarfi kika biya shi.

A mota irin 504, wadda tayoyin baya ke turawa, ana yin wannan musayar a wuri biyu. Na farko giyabos, wanda kike sarrafawa da liba. Na biyu aksul ɗin baya, inda wani ƙaramin ƙarfe mai haƙora ke juya wani babban faifai mai haƙora, kuma wannan ba ya canzawa komai giyar da kika sa. A motarmu ƙaramin haƙori 9 gare shi, babban 35. Raba 35 gida 9, ki samu 3.89. Ma'ana sai farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya, ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya.

Baba bai ce in yarda da bakinsa ba. Ya sa aka cire fulogi huɗun don injin ya yi sakayau, aka sa lamba huɗu, wadda a wannan giyabos juyin injin da na farfela daidai suke, ɗaya da ɗaya. Muka ɗiga alli a jikin tayar baya, muka ɗiga a wilin bel na gaban injin. Yaran gareji suka tura motar a hankali a miƙe. 'Yata ta fari, mai shekara 11, tana ƙirga juyin taya, ni ina tafe a gefen bonet ina ƙirga na injin. Da ta ce goma, ni ina kan 39. Lissafi ya fito ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Daga nan sauran ya zama aikin kalkuletar waya. Tayar motar, mai lamba 175 R14, tana cin kusan mita 2 a kowane juyi. A gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 840 a minti. Ninka da 3.89, sai ki ga injin yana juyi kusan 3,300 a minti ɗaya. Kukan da ke sa wa Umma ciwon kai ke nan. A asibiti, babban mutum da ke kwance yana hutawa, bugun zuciyarsa tsakanin 60 ne da 100 a minti. In na ga ya zarce haka alhali ba gudu ya yi ba, na san zuciyar tana aikin da ya fi buƙata. Haka na fara kallon injin nan.

Da lissafin a hannu, shawarwarin da aka ba ni suka tantance kansu. Haƙoran aksul na a-kori-kura lambarsu ta haura 4, domin an yi su ne don jan buhuna. Da an sa su, motar za ta ƙara ƙarfin tashi, amma kukan kan hanya da shan mai su ƙaru. Akasin abin da nake nema ke nan. Matashin bai yi ƙarya ba da ya ce sun fi ƙarfi, kawai bai tambayi abin da ke damuna ba.

Hanya ta biyu ita ce a sa haƙoran aksul masu lambar da ba ta kai 3.89 ba. Wannan zai rage kukan, amma zai taɓa kowace giya, har da lamba ɗaya. Yanzu a lamba ɗaya injin yana juyawa kusan sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ya sa motar ke tashi da mutum biyar da buhun shinkafa a but ba tare da ta yi nishi ba. Rage wannan, sai kulochi ya riƙa wahala a cunkoso da kan tudu. Ban da haka, daidaita haƙoran aksul aiki ne na awo mai tsanani, da siraran wasa-wasai da agogon awo na musamman. In aka kauce kaɗan, aksul ya riƙa kuka har haƙoran su cinye juna. Baba ya ce ko a cikin yaransa ba kowa yake bari ya taɓa wannan ba.

Hanya ta uku ita muka bi: a sauke giyabos mai lamba huɗu, a ɗora mai lamba biyar na Peugeot 505, motar da ta biyo bayan 504 a 1979, kuma danginsu ɗaya a injin da giya. Lamba ɗaya zuwa huɗu suna nan kusan yadda suke, sai a samu ƙarin ta biyar, inda farfela ke fin injin saurin juyi, kamar dai keken ɗinkin nan. A lissafe, 3,300 zai sauko zuwa wajen 2,700. Cikin awa ɗaya a kan hanya, an rage wa injin juyi sama da 30,000.

Sai neman kaya. Muka shiga Panteka ni da Baba, kuɗin adashina a jaka. Ya koya mini duba giyabos na hannu: a juya sandar gaba da hannu a kowace giya a ji ko tana tafiya sumul, a girgiza ta a ji ko boris ya yi sako-sako, a kwance notin zubar da mai a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Ɗan ƙura mai laushi ba komai, gutsure mai kama da tsakuwa kuwa a bar musu kayansu. Na uku da muka duba shi muka ɗauka.

Akwai abin da duk mai son yin wannan aikin ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗi. Giyabos mai lamba biyar ya fi mai huɗu tsawo. A 504, farfela tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da aksul kam, babu wurin ja ko saki. Saboda haka sai an samo farfela da bututu gajeru da suka dace, da sandunan liba na sabon giyabos ɗin. Baba ya zo da tef ɗin awo, muka auna komai a kasuwa, ba a gareji ba bayan an riga an kwance mota.

Ranar aiki na zo da shirina irin na asibiti. Na sa rigar aiki mai dogon hannu da wando, na ɗaure kaina da ƙaramin hijabi na cusa gefensa a cikin riga. Na cire zobe da awarwaro. Wannan ba ado ba ne: mayafi mai lilo kusa da fanka ko bel yana iya fizgar wuya cikin ƙiftawar ido, zobe kuma in ya haɗa wuta da batir yana ƙona yatsa har ƙashi. Na sa safar hannu, domin tsohon baƙin mai ba abin da za a bari ya daɗe a fata ba ne, kuma ban yarda da wanke hannu da fetur ba, sabulu da ruwa sun isa. Abu mafi girma, motar a kan rami take, an sa wa tayoyi waigi. A ɗakin haɗari na karɓi mutanen da mota ta danne saboda sun shiga ƙarƙashinta jak kaɗai ke riƙe da ita. Ba duka ne suka koma gida da ƙafafunsu ba. In mijinki ko ɗanki yana shiga ƙarƙashin mota a kan jak, ki hana shi yau, kada ki jira gobe. Yara kuma ranar ba su zo ba, ƙirge a fili daban, rami daban.

Muka fara da cire kan batir. Na zubar da man giyabos a roba. Muka sauke salansa, da kik, da wayar maleji, da wayoyin fitilar ribas, da sandunan liba, da abin da ke tura kulochi. Kowane rukunin noti na zuba shi a ledarsa na rubuta sunansa, na kuma ɗauki hoto da waya kafin in kwance komai. Yaran gareji suka yi ta dariya, su a ƙasa suke watsa nasu. Na ce musu a ɗakin tiyata ba a rufe cikin mutum sai an ƙirga kowane almakashi da kowace auduga, an ga sun cika. Baba ya ce su daina dariya su nemo leda.

Saboda bututun nan, sai da muka sassauta aksul muka ja shi baya kafin farfela ta fita. Aka tallafe injin daga ƙasa, sannan muka kwance notocin da suka haɗa shi da giyabos. Akwatin ya fi jarkar ruwa mai lita 25 nauyi, ga santsin mai, mutum biyu suka tallafa ni ina jagora. Tunda an riga an buɗe wurin, muka sa sabon faifan kulochi da sabon boris ɗinsa. Kayan ba su kai wahalar isa gare su tsada ba, wanda ya bar tsoho a ciki zai sake sauke giyabos nan gaba kaɗan. Baba ya zura wata tsohuwar sandar giya ta tsakiyar faifan don ya zauna daidai a tsakiya kafin a ɗaure.

Wurin da na fi jin jiki shi ne ɗora sabon. Ya shiga, ya shiga, saura kamar faɗin yatsa biyu, sai ya tsaya cak. Hannuwana suna rawa, gumi yana shiga mini ido. Wani yaro ya ce a zura dogayen notoci a ja shi da ƙarfi. Baba ya ce, "Kul! Haka ake fasa kasko." Ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, in kina sa wa majinyaci robar abinci ta hanci ta cije, turawa kike yi?" Na ce a'a, ja da baya nake yi kaɗan in sauya kwana. Ya ce to bismillah. Muka sa giya, na kama sandar baya na murza ta kaɗan-kaɗan don haƙoran sandar gaba su dace da na faifan kulochi. Sai na ji ƙwas, ya zauna da kansa. Na daɗe ban ji daɗin wani ƙara kamar wannan ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne mai. Wannan giyabos na Fijo baƙin man injin yake sha, aksul kuwa man giya mai kauri, mai lamba 80W-90. Ana zubawa ta notin gefe har sai ya fara dawowa. Kowace mota da irin nata, a duba littafinta kafin a zuba. Kwana biyu aikin ya ci, ranakun hutuna biyu bayan dutin dare. Da muka gama, ledojina duk babu kowa a ciki, babu notin da ya yi saura.

Kafin doguwar tafiya muka gwada maleji da GPS na waya, domin ɗan haƙorin da ke juya wayar maleji a cikin giyabos yake, kuma an yi shi ne daidai da aksul da tayar motar da aka ciro shi. In bai dace ba, allura za ta nuna 80 alhali kina kan 90. Namu ya zo kusa ƙwarai, aka bar shi.

Tafiyar Kano ta farko, bayan mun wuce Zariya na sa lamba biyar. Kukan ya kwanta. Umma, da ke baya da jikokinta, ta fara ba su labarin yadda Malam ya karɓo motar da bashin ofis, da yadda maƙwabta suka fito kallo. Har muka kai Kwanar Ɗangora tana magana a muryarta ta ɗaki, kowa yana ji.

Game da mai, ga gaskiyar abin da na gani. Na cika tanki, na rubuta maleji, na sake cikawa bayan tafiya, na yi haka sau uku. A doguwar hanya akwai sauƙi na 'yan litoci a zuwa da dawowa, amma bai kai yawan juyin da aka rage ba, domin nauyin mota da iskar da take kutsawa suna nan yadda suke. A cikin gari kuwa babu bambanci ko na sisi, tunda ba a kai wa ga lamba biyar tsakanin gida da makaranta. Wadda duk zirga-zirgarta ta cikin gari ce, kada wani ya karɓi kuɗinta da sunan wannan aikin. Gyaran kafireta, sabbin fulogi da iskar taya daidai sun fi yi mata amfani.

Lamba biyar ma tana da haƙƙinta. Ta miƙaƙƙiyar hanya ce. In za ki wuce tirela, ko kin tunkari tudu, ko gudu ya sauko ƙasa da 70, ki koma huɗu. In kika bar ta a biyar kina danna totur injin yana kakkarwa, kin fi cutar da shi fiye da kukan da kika gudu.

Ban zama bakanike ba, kuma ba zan kwance cikin giyabos ni kaɗai ba. Amma yanzu in an ce a canza wani abu a mota, tambaya uku nake yi: me zai ƙaru, me zai ragu, kuma ta yaya za mu auna mu gani? Bakanike na gari yana jin daɗin waɗannan tambayoyin. Wanda suka ɓata wa rai, kin san inda ba za ki koma ba.

Tsohon giyabos ɗin ban sayar ba, ko da yake an taya. Na wanke shi, na zuba masa mai, na naɗe shi da buhu tare da farfelarsa da bututunsa, suna sito. Duk ranar da wani a cikin jikokin Malam ya so ya mayar da motar yadda ta fito daga Kakuri, kayansa suna nan. Wata mai zuwa kuma, in Allah Ya kai mu, birki za mu buɗe. 'Yata ta riga ta ce ita za ta riƙe ledojin.